Ranar da Yaya Nomau Ya Kira Ni a Cikin Gamba

Jama'a, abin da zan faɗa maku ba tatsuniya ba ce, ba kuma a bakin wani na ji ba. A kaina ya faru, kuma wallahi in na ƙara ko na rage, Allah yana gani. Shekaru ne da yawa, tun Nasara ba su san hanyar ƙasar nan ba, muna zaune a wani ɗan ƙauye na yankin Dakoro, kusa da Birnin Lalle, gida bai wuce ashirin ba, rijiya ɗaya. Ni ba mutumin tafiya ba ne. Sana'ata saƙar zana da tufkar igiya, ina zaune gindin aduwa a ƙofar gida ina surutu da duk wanda ya gitta, in ka ga na bar gari to yankan gamba ne ya fitar da ni.

Mu biyu ne maza wurin Inna, ni da wana Nomau, shi ne ɗan fari. Tun muna ƙanana ba mu yi kama ba. Shi ba ya tsoron komai, kunama ma da hannu yake ɗauka ya cire mata ƙari ya jefa mani a riga. Ni kuwa abu ɗaya ne ya hana ni sakat a yarinta, wato kiran tsakar rana. Inna ce ta fara faɗa mana, kamar yadda kowace uwa a garin ke faɗa wa ɗiyanta: in rana ta take tsaka kana daji ka ji an kira sunanka, kada ka amsa, kada ka waiwaya, mutanen ɓoye ne, aron muryar ɗan'uwanka suke yi su ja ka zuwa bakin tsohuwar rijiya. Sauran yara sun ji sun manta. Ni abin ya zauna mani a ciki kamar na haɗiye dutse, ga shi Allah ya yi ni da jin motsi, kara ya gogi kara sai in ce sunana ne, in yar da ƙwarya in sheƙo gida ina ihu. Shi ya sa Nomau ya laƙaba mani Kunnen Zomo, kuma duk duniya shi kaɗai ke kirana da haka.

Kowa a gidan ya gwada maganinsa. Inna ta ɗaura mani laya a wuya, kakata ta yi mani hayaƙi har idona ya yi ja, an ba ni rubutu na sha. Baba ya ce duk ɓata lokaci ne, ɗa namiji ba a yi mashi maganin tsoro sai da tsoro. Sai ya kai ni gona mai nisa da tsakar rana, ya ba ni fartanya, ya sa Nomau ya ɓuya cikin gero yana kirana da wata irin murya, shi kuma Baba ya laɓe da tsumagiya. In na amsa, bugu. In na gudu, bugu. In na ko ɗaga kai, bugu. Damina guda muna haka, har na koyi sunkuyar da kai in ci gaba da noma ana kirana, hawaye na zuba a kan ƙasa, hannu bai tsaya ba. Ranar da na kai la'asar ban motsa ba, Baba ya yanka zabo, ya ce yau ya haifi namiji na biyu. Tsoron bai tafi ko'ina ba, ku ji ni da kyau, ɓoye shi kawai na koya. Nomau da kansa ya goya ni zuwa gida ran nan, yana dariya yana cewa ashe zomo ma yana yin taurin kai.

Muka girma, Baba ya rasu, kowa ya yi iyali. Nomau ya zama maginin rijiya, wanda ake aikowa nema daga nesa, don a ƙasarmu ruwa yana da zurfi, sai an yi gaba ashirin ko fiye kafin a ji danshi. Shekarar da abin ya faru, bayan an gama girbi, wasu Buzaye suka ɗauke shi ya yi masu yasar rijiya can wajen Azagor. Ya ce wa matarsa Hajo ba zai wuce wata guda ba.

Watan ya cika ko ya ɗan gota, wata Litinin na ɗauki lauje na tafi kwari yankan gamba. Ni kaɗai ne, ciyawa ta fi ni tsawo, ba iska, ko tsuntsu ba ya kuka. Rana ta zo tsaka, ina sunkuye ina ɗaure dami, sai na ji an ce, a hankali, kamar mutum yana bayana da taki biyar:

"Kunnen Zomo."

Wallahi tallahi muryar Nomau ce, har da ɗan kaushin nan da ƙurar rijiya ta sa mashi a maƙogwaro. Tsikar jikina ta tashi, na koma yaro ɗan shekara bakwai a tsaye. Sai hannuna ya yi abin da aka koya mashi, ya ci gaba da ɗaurin dami. Aka sake kira. Sa'an nan aka ce:

"Ni ne. Ina tsohuwar rijiyar gindin gawo. Ƙafata ta karye. Ka zo da igiya."

To ku faɗa mani, me Inna ta ce mutanen ɓoye ke yi? Ba aron murya ba? Ba tsohuwar rijiya ba? Komai ya zo daidai da yadda aka faɗa mani tun ina goye. Rijiyar gawon nan na san ta, kufai ce a kan hanyar arewa, an daina sha tun zamanin kakanni, kuma daga inda nake tsaye in ka tashi da asuba ba ka isa ba sai azahar. Wace murya ce za ta yi wannan tafiya? Na ce a raina, yau dai sun zo da gaske. Na yi a'uziyya, na karanta ɗan abin da na riƙe na allo, na kama gamba ina yanka kamar mahaukaci. Ana kira ina yanka. Wani lokaci da lallashi, wani lokaci da zagi irin nasa, yana ce mani ragon banza, matsoraci, ɗan gatan Inna. Daga baya zagin ya ƙare, sai sunan kawai. Ban amsa ba, ban waiwaya ba, har inuwa ta karkata abin ya yi shiru.

Kuma bari in faɗa maku abin da ya fi ci mani rai har yau. Da na ɗauko damina na nufo gida, alfahari nake ji. Na ce ina ma Baba yana da rai ya gani.

Na shigo gari na wuce ta ƙofar gidan Nomau, Hajo tana shanya wake a tabarma. Ta ce mani, da wasan da ke tsakanin mata da ƙanin miji, wai ango ya dawo daga yaƙi da ciyawa, ko an samu ganima? Na yi dariya na ce in mijinta ya dawo ta tambaye shi ko ya taɓa yanka dami shida rana ɗaya. Maganar tana nan a bakina, kalma biyar ce, a aika a duba rijiya. Ban faɗa ba. Na tuna yadda za a kwashe da dariya a dandali, a ce magidanci mai 'ya'ya ukku ya koma jin kiran tsakar rana. Na shiga gida na ci tuwo, har na nemi ƙari.

Talata ban fita ba. Laraba ban fita ba, na zauna gindin aduwa ina tufka, igiya ta taru a gabana kamar me. Ran Juma'a da hantsi wani Bafillace makiyayi ya shigo gari yana tambayar gidan mai gari, ya ce ya ga ungulaye suna kewaya gawon kufai, ya leƙa, akwai mutum a ciki.

Muka tafi mu takwas. Abin da muka gane shi ne, Nomau yana dawowa a ƙasa shi kaɗai, ruwan salkarsa ya ƙare, ya ɗaura igiya a gungumen da ke gicciye bakin rijiyar ya sauka neman danshi, aikin da ya yi sau ɗari, ashe gara ta cinye gungumen ta ciki. Ni aka zura, don ni ne mara nauyi. Ƙafarsa ta dama ta karye a ƙauri, kamar yadda aka faɗa mani. Ya yi ta tonon laka yana tsotsa. Da wuƙarsa ya sassaƙa matakai a jikin bango, da karyayyar ƙafa, har sun kai sama da tsayin mutum biyu, daga nan ƙasar ta zama rairayi ta ƙi riƙewa. Dattijon da ya yi mashi wanka ya ce bai fi kwana ɗaya da cikawa ba. Ku ƙirga da kanku. Da na buɗe baki ran Litinin, da Talata da azahar muna bakin rijiyar.

Na tambayi mutane a kaikaice, kamar labarin wani nake bayarwa. Limaminmu ya ce Allah mai iko ne ya sa iska ta ɗauki muryar bawansa ta kai inda ya so. Wani tsohon maharbi ya ce mutanen ɓoye ne dai, amma ba kullum suke ƙarya ba, wani lokaci gaskiya suke faɗa don sun san ba za a yarda ba, nan ne daɗinsu. Ban san wanda ya fi ba, duka biyun ba su sauke mani komai ba.

Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ɗan fari ne, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba tun da ta haife shi, sai dai ta ce wancan. Bayan sadakar arba'in na same ta a ɗaki tana kaɗin zare, na durƙusa na ce, "Inna, ya kira ni. Ran Litinin ɗin nan, a cikin gamba. Ya faɗa mani inda yake."

Mazarin bai tsaya ba. Ta ce, "Ka amsa?"

Na ce a'a.

Ta ce, "Ka yi abin da aka koya maka. Tashi ka ba ni haske."

Daga ranar, shekara bakwai, Inna ba ta sake haɗa ido da ni ba. In tana son abu sai ta aiko jika. In na shigo gaisuwa ta amsa tana kallon bango. Na ɗauki ɗiyan Nomau na riƙe, na yi mata sabon ɗaki, na saƙa mata zanan da babu irinsa a garin, duk a banza. Na haƙura, na ce hakkina ne, wace uwa ce za ta kalli wanda ya bar mata ɗa a rami.

Ciwon ajalinta ya zo da bazara. Wata safiya ta sa aka fitar da kowa, ta ce in matso. Ta rame har ba a gane ta, ta kama hannuna, wannan ne karo na farko da ta dube ni cikin shekara bakwai ɗin nan. Na soma neman gafara, ta girgiza kai.

"Ba kai nake gudu ba," in ji ta. "Ina bakin turmi ran nan. Ya ce Inna, Inna, har la'asar. Ya faɗa mani rijiyar."

Ta ce ta ɗaga taɓarya ta ci gaba da daka, gero ya zama gari tana daka, matan gida suna mata tsiya wai yau tsohuwa ta tuna ƙuruciya. Sa'an nan ta kama sunansa, Nomau, sau ɗaya, a gabana. Kafin azahar ta cika.

Tun daga ranar na daina kallon mutanen garinmu yadda nake kallonsu da. Na tuna yadda Hajo ta yi mani wasa ran Litinin ɗin, da ƙarfi fiye da kullum, hannunta yana baza waken da ya riga ya bazu. Na tuna abokin Nomau na ƙut da ƙut, wanda muna tafiya kufai shi ne a gaba, bai tsaya tambayar Bafillacen hanya ba, kuma da muka isa ya ƙi leƙawa. Wataƙila ba komai ba ne, wataƙila zuciyata ce ke neman abokan laifi. Ban tambaye su ba, sun mutu ban tambaya ba.

Shawarata gare ku, masu 'ya'ya, ku san irin tsoron da kuke zuba wa yaro don ku tsare shi daga daji, kuma ku san irin jarumtar da kuke dukansa ya koya, don zai girma da su duka biyu. In kuma wata rana kun ji kiran da hankali bai ɗauka ba, ban ce ku amsa ba, ni ma ban san ko wane ne ba. Amma ku je ku faɗa wa mutum, ko za a yi maku dariya, a tara jama'a a je a duba. Dariya ba ta kashe kowa.

Gida ashirin ne a garin nan, duk uwa ɗaya ce ta rene mu a wajen wannan magana. Mutum ya kwana ukku a cikin rami yana kiran waɗanda ya sani, ɗaya bayan ɗaya. Har yau ban san mu nawa ne muka ji ba.