Gutsuren Ƙarshe Na Gunvor Ne

Tun gari bai waye ba Gunvor Sjödin take jingine kekenta a bayan cibiyarmu, ta bi matakala ta sauka ƙasa. A can za ta yi wanka da sabulu marar ƙamshi, ta saka kayan da aka kashe wa ƙwayoyin cuta da tururi, sannan ta tura ƙofar ɗakin ɓeraye. Ɗakin ba shi da taga. Babu abin da ake ji sai ƙugin injin iska da motsin ɓeraye cikin dusar katako. Takan gaishe su, ta bi keji-keji tana duba wadda ta haihu. Lokacin hunturu a nan arewacin Suwidin, kafin ta fito duhu ya riga ya dawo. Fiye da shekara arba'in tana haka, sai Juma'ar da ta wuce ta ajiye aiki.

Ni a bene nake, wurin gwajin jini, kuma ni ce mai gasa burodin kirfa na Juma'a, shi ya sa na san labarin ta ɓangaren faranti.

Aikin Gunvor na hannu ne. A ƙirjin kowane jinjirin ɓera akwai wata 'yar tsoka da ake kira taimus, inda ƙwayoyin T suke koyon aikin tsaron jiki. Idan aka cire ta a kwana na uku da haihuwa, ɓeran zai girma, amma garkuwar jikinsa sai ta juya ta far masa, ta cinye masa tumbi ko ƙwan haihuwa. Idan aka ɗura masa ƙwayoyin T na lafiyayyen ɓera, sai abin ya lafa. Wato a cikinsu akwai masu rabon faɗa, waɗanda ke cewa 'yan'uwansu ya isa haka. Gunvor ce mai cire tsokar. Jinjirin bai kai ɗan yatsa ba. Takan kwantar da shi a kan ƙanƙara har ya yi likimo, ta yi aikinta da hantsaki, ta ɗumama shi a tafin hannunta, sannan ta mirgina shi a dusar kejin uwarsa, don idan uwar ta shaƙi baƙon ƙamshi cinye shi za ta yi. Saboda haka Gunvor ba ta taɓa shafa turare ba. Ba ta kuma ajiye ko kyanwa a gida, gudun kada ta kwaso wa ɗakin wata cuta.

Abin da ya fi wannan ciwo, a wajenmu, shi ne fika. Da hantsi kowa yakan ajiye abin da yake yi, daga shugaba har mai shara, a zauna a sha gahawa da burodi, a yi gulmar gwamnati da ta yanayi. Wanda ba ya zuwa fika kamar ba ya cikin mutane ne. Gunvor kuwa idan ta hau sai ta sake wanka kafin ta koma, don haka ba ta hawa sai an tashi. Mu kuma kun san halinmu, babu mai kunyar ɗaukar gutsuren ƙarshe a faranti. Sai a raba shi biyu, wani ya zo ya sake raba rabin, a tafi a bar ɗan abin da ya rage. Shi Gunvor take tararwa da yamma, ta ci a tsaye da gahawar da ta huce. Har ya zama abin wasa. Idan wani ya miƙa hannu sai a ce, “Kai, bar shi, na Gunvor ta ƙasa ne.”

Da ta fara aiki, ƙwayoyin nan masu rabon faɗa, da a lokacin ake kira masu danne garkuwa, su ne 'yan gata. Dokta Torsten Ekvall, wanda take yi wa aiki, har waje ake gayyatarsa. Sai aka wayi gari masana suka je neman alamar da aka ce da ita ake gane ƙwayoyin, ba su same ta a inda aka ce tana nan ba. Nan da nan kowa ya zame. Sunan ƙwayoyin ma ya zama abin kunya, wanda ya saka shi a takardar neman tallafi ya san amsarsa tun kafin ta zo. Ɗaliban Torsten suka watse. A wurin fika shugaban sashe, da yake kiran ƙwayoyin aljanu, kan ɗaga kofi ya ce, “Torsten, yaya aljanun naka? Sun kwana lafiya?” A yi dariya. Torsten ya daina zuwa fika shi ma, ya koma saukowa ƙasa yana tsayawa bayan gilashin ƙofa, shi da Gunvor suna magana da hannu.

Abin da ya rage masa a duniya zuri'ar ɓeraye ce guda, wadda ya yi shekaru yana tacewa har ciwon yake fita a jikinsu fes. Irin wannan zuri'a idan aka bar ta wata kaɗan ba a haɗa aure ba, ta ƙare ke nan. An yi wa Gunvor tayin aiki a bene, kusa da ni, ga taga ga fika, ta ce a bari tukuna. Rune, direban bas ɗin da ya daɗe yana nemanta, ya so su tafi gidan gonarsa hutun Yuli kamar kowa, ta ce akwai ɓeraye masu ciki. Shekara ta uku ya ce shi ba zai yi takara da ɓera ba, ya auri wata a garin gaba.

Sai Torsten ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Ni da Gunvor muka je duba shi a asibiti. Da ƙyar bakinsa ya haɗa maganar, ya ce, “Gunvor, riƙe min su har in dawo.”

Ta ce, “To. Amma ka yi sauri, ba su san hutu ba.”

Bai dawo ba. Bayan jana'iza shugaba ya ce a kwashe ɗakin. Gunvor ta hau bene da rana tsaka, abin da ba mu taɓa gani ba, ta tsaya a ƙofar ofishinsa da hular aiki a kai. Ya tambaye ta ko ita ma ta yarda da aljanun ne. Ta ce ita ba ta sani ba, ba karatunta ba ne, mai yiwuwa shi ke da gaskiya. Alkawari dai ta yi wa mutum, mutumin kuma ba ya nan balle ya warware mata. Shugaba ba mugu ba ne, ya bar mata kantar keji guda a lungu, ya ce kada ya ƙara jin zancen.

Gunvor, ke ce kika yi shekaru kina kiwon dabbobin da ba mai tambayarsu. Ke ce kika taka ƙanƙara ranar Kirsimeti, gari shiru, kowa yana cikin danginsa, don ki canza musu ruwa. Ba mai jiran sakamako, ba mai tsayawa a bayan gilashi. Kin taɓa gaya min cewa akwai makon da muryarki kaɗai kika ji. Har yau idan na tuna maganar nan raina yana ɓaci.

Daga baya labari ya zo daga Japan cewa an samo alamar gaskiya ta gane ƙwayoyin. Aka canza musu suna, aka ce masu daidaitawa, waɗanda suka yi dariya jiya suka koma rubuta takardu a kansu. Wata matashiyar likita, Ylva, ta karanta tsofaffin rubuce-rubucen Torsten, ta zo tana tambaya cikin jimami ko an san lokacin da zuri'ar ta ƙare. Aka nuna mata matakala. Da Gunvor ta buɗe mata lungun, sai ga zuri'ar nan da ranta. Ba mu ne muka gano wani babban abu ba, kada in ƙara gishiri. Amma aikin Ylva a kan waɗannan ɓerayen ya ginu, yau kuma tana cikin masu gwada ƙwayoyin ga waɗanda aka dasa wa ƙoda. Da aka sanar cewa babbar kyautar kimiyya ta duniya da ake bayarwa a Stockholm ta tafi ga masanan da suka tabbatar da ƙwayoyin, bene ya kaure da murna. Gunvor tana ƙasa, sai da yamma ta ji.

Ranar Juma'a muka yi mata fika ta sallama. Ta zo da rigar gida, ta zauna a bakin kujera kamar baƙuwa. Ylva ta ba ta kwalbar turare, ta juya ta a hannu ba ta buɗe ba. Na fito da burodin daga tanda, na ce yau ita za ta fara ɗauka. Ta ce a'a, a zagaya tukuna. Muka ƙi. Ta ɗauka, ta gutsura, ta daɗe tana taunawa, sannan ta dube ni.

“Ingegerd,” ta ce a hankali, “ashe da ɗuminsa ake ci.”

Babu wanda ya iya dariya.

Mun gode, Gunvor mai riƙon alkawari. Torsten bai dawo ba, amma abin da ya bar miki yana nan da rai. Ku kuma da ke bene, a kowace ma'aikata kuke, ku koyi riƙon amana irin nata, ku kuma tuna akwai wani a ƙasa. Kada ku bar masa ragowa. Ku ɗauki na farko tun yana tururi, ku sauka ku ƙwanƙwasa masa gilashi.