Haƙorin Filaya

Filaya ake ce masa, kuma ba don yana aiki da filaya ba. Yana da ita kam, tana nan rataye a ƙusa a bangon shagonsa na gyaran janareta, tsatsa ta ci ta saboda zaman banza. Bakinsa ne ya ƙwace mata aiki. Da haƙori yake ɓare waya, da haƙori yake buɗe kwalbar lemo, kuma duk lokacin da hannayensa biyu ke cikin inji, to sufana na nan a bakinsa a gicciye kamar kare ya samu ƙashi. In an yi masa magana sai ya ce, "Allah ya ba ka akwatin kayan aiki kyauta a fuska, ka tsaya neman na kanti?"

Matarsa ta yi faɗa har ta gaji. "Baban yara, wallahi wata rana bakin nan zai kai ƙararka." Shi kuwa sai ya yashe mata haƙoran nan farare tas, da 'yar wushiryarsa a tsakiya, ya ce da su ya sayo ta, ta daina raina jari.

Amma babban aikin haƙoran ba a shago yake ba. Filaya gwanin fito ne. Ta wushiryar nan yake busa wani siririn sauti mai lanƙwasa a ƙarshe, tun yana yaro, kuma ba irin dukan da bai sha ba a hannun Inna a kansa. To ga Inna yanzu a ɗakin farko na gidansa, ido ya tafi, hankali ya bi bayansa. Ba ta gane kowa. Surukarta ɓarauniya ce, jikokinta 'yan leƙen asiri, ɗanta kuwa in ya yi sallama da muryarsa ta manya sai ta ce ƙaton wa ya shigo mata ɗaki. Abu guda ya rage mata: fiton nan. In ta ji shi daga bakin ƙofa da yamma sai ta saki sanda, ta ce, "Ga ɗan banzan nan ya dawo," sannan ta yarda ta karɓi shayi da burodi. In ba ta ji ba, ba abin da zai shiga bakinta, wai an sa mata guba. An taɓa ɗaukar fiton a waya ranar da ya yi tafiya, aka kunna mata. Ta saurara ta ce, "Ku kashe rediyon nan."

Ranar da abin ya faru, wani tsohon janareta ne ya ƙi tashi. Filaya ya taka shi da ƙafa, sufana a baki, ya fizgi igiya da duk ƙarfinsa. Igiya ta tsinke. Hannunsa ya taho a guje ya naushi sufana, sufana ta isar da saƙo. Da ya farfaɗo daga ganin taurari, sai ga haƙorinsa na gaba kwance a tiren baƙin mai, ɗungurungum har da saiwarsa, doguwa kamar ba daga bakin mutum ta fito ba.

Mai kemis da ke maƙwabtaka da shi ta fito a guje. Ta tura masa auduga ta ce ya cije, sannan ta hau bayani da sauri: "Ka riƙe shi ta kai, kar ka taɓa saiwar. Ka ɗan ɗauraye shi, ka jefa shi a kofin madara, ka ruga wurin likitan haƙori yanzu-yanzu. In an yi sauri ana iya mayar da shi ya kama."

Filaya ya ji "ana iya mayar da shi", ransa ya dawo, don ba abin da ya faɗo masa a rai sai Inna da shayinta. Amma madara? Jariri ne haƙorin? Ya dubi abin baƙi ƙirin da mai, kunya ta kama shi. Shi da bai taɓa mayar da fulogi cikin inji da datti ba, ya ɗauki wannan ƙazanta ya miƙa wa likita, ɗan'uwansa mai gyara? Haba! Kafin mai kemis ta dawo da madarar, ya tsoma haƙorin a fetur. Ya goge shi da buroshin waya. Ya ga wani ɗan nama-nama manne da saiwar, ya sa samfefa ya kankare shi tsaf, ya hure, ya ɗaga shi a rana yana duba aikinsa. Sannan ya naɗe shi a tsumma, ya wanke hannu, ya canja riga, don ba a zuwa asibiti da kayan aiki.

Likitar wata doguwar mata ce mai tabarau. Ya buɗe mata tsumma da alfahari, yana magana ta cikin auduga: "Likita, na yi miki rabin aikin. Ɗaurawa kawai ya rage."

Ta ɗauki haƙorin, ta kai hanci, ta janye kai. "Malam, fetur nake ji?"

"Mai kyau kuwa, ba gauraye."

Ta cire tabarau ta ajiye. Sannan ta ce masa wannan nama-naman da ya kankare shi ne ran haƙorin, da shi yake kama dasashi ya zauna. Da ya kawo shi da dattinsa a cikin madara, ko ma a cikin yawun bakinsa, da ta gwada. Yanzu kam ya kawo mata gawa ce da aka yi wa wanka mai kyau.

"To ki ɗaure shi da gam mana."

"Baki ne, Malam, ba kabureta ba." Ta wanke masa ramin, ta ɗinke leɓe, ta rubuta magani, ta ce idan dasashi ya warke ya dawo a sa masa na roba. Ta ƙara da cewa sauran haƙoran ma duk sun tsattsage, ya nemi filaya ta gaske.

Sai a lokacin ya tambayi abin da ke cinsa: "Zan iya fito?"

Ta ce ya gwada. Ya tattara leɓe ya busa. Abin da ya fito irin hucin tayar mota ne da ƙusa ta huda. Nan Filaya ya ji tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko da ya ga jininsa.

Da yamma ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna, matarsa na bayansa da kofin shayi har ya huce. Ko "ai na faɗa maka" ba ta ce ba, wannan ma ya fi masa ciwo. Ya busa, iska ta fita. Ya sake busawa, har ɗinkin ya yi masa zafi.

"Wane ƙato ne yake huci a ƙofata?" Inna ta laluba sanda. "Ɓarayi!"

Ya shiga ya durƙusa a gabanta, ya ce in duka ne ta daka. Ta kai hannu za ta cafki kunnensa, hannun ya sauka a gemu, ya hau kan kumburarren leɓe, yatsa ya faɗa cikin giɓi. Ta tsaya cak. Ta sake shafa wurin a hankali.

"Auta? Ya fita?" Sandar ta faɗi daga hannunta. "Ba na ce ka daina girgiza shi da harshe ba? Ji yadda ka ji wa kanka ciwo. To share hawayenka, wani zai fito, wanda ya fi wannan ƙarfi." Ta juya wajen surukarta. "Ke ɓarauniya, miƙo shayin nan, yaro bai ci komai ba."

Ta kafa masa kofi a baki, shi da furfurarsa, ya kurɓa yana kuka. Ta ce to saura nata, ta shanye sauran, ta nemi burodi.

Filayar bango an sauke ta, an shafa mata mai. Dasashi ya warke, likita ta aiko ta bakin mai kemis cewa ya zo a gwada masa na roba, ya ce a gaishe ta, ya gode. Kullum da yamma yana durƙusawa a gaban Inna ya buɗe baki, ta sa yatsa ta duba, ta ce, "Bai fito ba tukuna, ka ƙara haƙuri," sannan ta miƙa hannu a ba ta shayinta.