Shekarar da Na Jawo wa Inna Famfo

Ina da shekara ashirin da uku na samu aiki a wani kamfanin fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa ta Treichville, a birnin Abidjan. Kullum da safe in zan fita daga gidanmu na Adjamé, sai in wuce mahaifiyata, wadda muke kira Inna, a layin famfon bakin titi, da ƙaton daro a gabanta. Tun rasuwar Baba ni ne babba a gidan, abin yana cin raina. Wata rana na ce mata zan jawo ruwa har tsakar gida.

"Allah ya ba ka iko," in ji ta. Ko ɗagowa ba ta yi ba daga tsintar shinkafa.

Na yi ta zarya ofishin ruwa da takardar fili a hannu. Daga ƙarshe suka turo wani ma'aikaci mai farar hular kwano. Ya nuna mini inda babban bututu ya bi, can tsallaken titi, ya ce su za su haƙa su kawo shi har bakin ƙofa, su kafa kwanta, wato na'ura mai auna ruwa. Daga kwantar zuwa ciki kuwa, ko ɗigo ya zuba, ni zan nemi mai gyara.

Maƙwabcinmu wani Alhaji ne Bakano mai shigo da atamfa, ɗakin ajiyarsa na jikin katangarmu. Yana tsaye yana sauraro, ko da yake ba ya jin Faransanci. Da na fassara masa, sai ya ce, "To ɗana, ruwan nan in ya shigo, ta ina zai fita?"

Na ce ai ƙasa za ta shanye. Ya gyaɗa kai ya koma shagonsa.

Ranar da aka buɗe famfon, ya yi ta tari kafin ya feso wani jan ruwa, sannan ya washe. Ƙannena mata suka rangaɗa guɗa. Inna ta tara hannu ta kurɓa, ta ce yana warin magani, amma na ga idonta ya ciko.

Da ruwa ya zo kusa, sai wanki ya yawaita. Matan layinmu, Hausawa da Julawa, suka dawo ɗiba a gidanmu, don Inna ba ta iya hana kowa. Ƙasa ta sha har ta ƙoshi. Da damina ta kankama, tsakar gida ta zama fadama, sauro ya samu gari, ruwan sabulu ya riƙa bi ta ƙarƙashin katanga.

Wata Asabar da hantsi Alhaji ya yi sallama, takalmansa a hannu, wandonsa a naɗe har gwiwa. Ruwanmu ya kai bakin ɗakin atamfarsa. Na tsaya ina jiran faɗa.

"Ɗana, ka yi wa baƙo ƙofar shiga, ba ka yi masa ta fita ba," ya ce. "Zo mu duba."

Na bi bayansa. Ya karɓi butar Inna, ya riƙa tsiyaya ruwa a wurare dabam-dabam yana kallon inda yake gangarawa, har ya gano hanyar da lambatu zai bi. Ni na je ma'aikatar magajin gari na samo izinin haɗa shi da babban kwalbatin titi, shi kuma ya kawo magini daga unguwar Bracodi. Kwana uku muna haƙa. Inna tana aiko mana da acheke, dambun rogo, da soyayyen kifi, Alhaji yana ci yana cewa tuwo ya fi, amma bai taɓa rage ko loma ba.

Yanzu shaguna ne a wurin, gidan ma babu shi. Na fi tuna watan da ya biyo baya, da Alhaji ya so a jawo masa nasa famfon. Muna zaune kan benci bayan la'asar, ina cika masa takardu, ina juya masa Faransanci zuwa Hausata ta 'yan Abidjan, shi kuwa yana dariya har da riƙe ciki yana gyara mini ita kalma bayan kalma.