Kaɗanya a Bakin Kogin Holan

Ina cikin aji ina duba zanen yara aka kira ni a waya, aka ce Malam Isiyaka mai fenti ya rasu a gidansa da ke unguwar Gumbihini. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sallami yaran na hau babur, da ƙyar na samu sallar jana'iza.

Shi ya koya mini riƙe buroshi. Sana'arsa rubuta allunan shaguna da bayan manyan motoci, kuma ban taɓa jin ya yabi yaron shago ba. In aikinka ya yi kyau, ya ce ka je ka wanke buroshi. In ya ɓaci ma haka zai ce, sai dai ya ƙara da cewa gobe ka sake.

Abu ɗaya na san yana yabo. Wani zane ne da ya yanko daga kalandar da wani Baturen Holan mai haƙa rijiyoyin burtsatse ya bar masa, ya sa shi a gilashi ya rataye. Tsohon zanen tawada ne na ƙasarsu: kwari mai faɗi, kogi yana lanƙwasa a tsakiya, can nesa wani ƙauye da hasumiyarsa. A kan hanya akwai wani matafiyi da sanda, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Duk sabon yaro sai Malam ya tsayar da shi a gabansa har ƙafa ta gaji. Yakan ce, “Dubi inda bai taɓa ba. Ruwan nan farar takarda ce. Gaɓa kawai ya zana, ruwa ya zo da kansa.” Matafiyin kuwa, cewa yake in aka cire shi ba wanda zai san girman kwarin. Da ƙarfi ya ƙare masa, ya rufe shago ya tafi da zanen ɗakinsa.

Ranar sadakar uku na tarar babban ɗansa, Abdul-Razak, ya sauke zanen zai ƙona. Ba don ƙiyayya ba. Ya ji a wa'azi irin tambayar da ke jiran masu hoton abu mai rai, kuma tsoro yake kada mahaifinsa ya kwana da wannan a kabari. Na ce ai ba Malam ya zana ba, ya ce amma shi ya rataye. Ni kuma baƙo ne a gidan, ba ni da ikon hana shi. Raina ya ɓaci.

Sai Mma Adisa, matar marigayin, ta yi magana daga kan tabarmar takaba.

“Razak, kai gilashin wajen haske ka duba tukuna. Mutumin ba ya nan.”

Muka fita da shi tsakar gida. Hanya tana nan, kogi yana nan, amma inda matafiyin yake tsaye yanzu bishiya ce. Mma Adisa ta ce a ciwonsa na ƙarshe Malam ya sa ta kwance masa gilashin, ya nemi tawada da siririn buroshi. Da ta tambaye shi, cewa ya yi bawan Allahn nan ya daɗe yana tafiya, gara ya tsaya haka nan, kada ya jawo wa yara rigima.

A matsayina na malamin zane, dole in ce Malam ya rage wa zanen wani abu, kuma shi ya fi kowa sanin haka. Hannunsa bai yi rawa ba ko kaɗan wajen zana bishiyar. Sai dai bishiyar da ya sani ita ya zana, kaɗanya ce sak, irin ta hanyar garin Savelugu, a bakin kogin da bai taɓa ganin kaɗanya ba. Abdul-Razak ya daɗe yana dubawa, sannan ya goge gilashin da hannun rigarsa ya mayar a kan ƙusarsa.

Allah Ya jiƙan Malam Isiyaka, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa ya huta. Allah Ya ba Mma Adisa da 'ya'yanta haƙurin rashinsa, Ya haɗa kansu a bayansa. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.