Bakwai Mai Ɗamara

Takwarana ya sace mini tafiya karatu ƙasar waje da rana tsaka, a gaban mutum kusan arba'in, ina zaune ina kallo, har da taya shi tafi. Wannan abu ba na jin zan manta da shi har a binne ni. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma kada ku ɗauka rufin asiri nake masa. In na faɗi sunansa, nawa na faɗa, kuma daga nan ne duk tsiyar ta faro.

Ni mutumin Kanya Babba ne. Ranar da aka kai ni makarantar kwana, malamin rajista ya tambayi sunan ubana, na sunkuyar da kai, don a gidanmu ɗa ba ya kama sunan uba da bakinsa. Ya gaji da jira ya ce, "To wane gari?" Na ce Kanya Babba. Ya ce bai san ta ba, in faɗi babban garin da ke kusa. Na ce Babura. Ya rubuta, ya kira na gaba. Haka kunya ta raɗa mini suna, ya bi ni har jami'a.

A jami'ar na tarar da wani ya riga ni sunan. Sunan yanka ɗaya, Babura ɗaya, kuma dukanmu a sashen lissafi. Shi asalinsa Baburar ne, amma a Kazaure ya tashi, gidan ubansa ma'aikacin En'e. Ya girme ni da shekara uku, yana gaba da ni da aji ɗaya, saboda haka Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini takwara. Lokacin kuɗin mai ya fara tumbatsa, gwamnati na neman wanda za ta ilimantar kamar mai cigiyar akuya. Abinci sau uku, ranar Lahadi har da kaza, a wanke maka kaya a goge. Ni da na zo da takalmin roba, sai na ga kamar an yi kuskure ne aka bar ni na shigo.

Akwai ƙungiyar ɗaliban lissafi, kuma ba laifi, tana aiki. Duk Laraba da la'asar ana lacca, manyan ɗalibai na koya wa ƙanana, ga allon sanarwa a bakin sashe da ake manna duk wata dama da ta taso. Yaya shi ne sakatare. Lissafi dai bai dame shi ba, shi ma bai dami lissafi ba, amma ya san inda ake ajiye kujeru, ya san wanda ke riƙe da mabuɗi, ya san wane malami ke son a ɗaukar masa jaka. Kullum cikin kwat, wuya a ɗaure kamar ragon da za a kai kasuwa. Ni kuwa taro bai dame ni ba. A ganina surutu ne, wai ni mai ilimi.

Uban ƙungiyar wani dattijo ne ɗan ƙasar Indiya, mai siririyar murya, wanda duk mu ɗin nan fuska ɗaya yake ganinmu da ita. Duk Litinin sai ya manna tambaya guda a allon sanarwa. Wanda ya warware ya rubuta amsa, ya sa sunansa, ya jefa a wani akwatin katako. Ya yi alkawarin cewa a ƙarshen shekara, wanda ya fi kowa zai tafi horon wata uku a ƙasar waje cikin dogon hutu, kuma kowa ya san daga can ƙofar karatun gaba a buɗe take. Wannan kam ya shiga raina. Ban taɓa barin tambaya ta kwana uku ba. In rubuta, in jefa, in wuce, ba na ko waiwaye. Wa ke ɗaukar akwatin duk Juma'a ya kai ofishin dattijon? Sakatare. Dattijo na ganin suna a takarda, yana ganin fuska a bakin ƙofa. Ko ni ne shi, haka zan haɗa.

Tambaya ɗaya na fi tunawa. Wai ka tabbatar cewa duk inda mutum shida suka taru, dole a samu uku da suka san juna, ko uku da babu wanda ya san wani a cikinsu. 'Yan aji uku suka yi ta cika takardu da zane. Ni sai na tuna zauren babana ranar kasuwa. Na ce ka ɗauki mutum ɗaya, ka dubi sauran biyar. Dole ko ya san uku a cikinsu, ko akwai uku da bai sani ba. A ce ya san uku. In biyu cikin ukun nan sun san juna, to da shi sun cika uku. In kuwa babu, su ukun baƙin juna ne, magana ta ƙare. Ɗaya ɓangaren ma haka yake in ka juya shi. Rabin shafi ya ishe ni.

Akwai wani abu a rubutuna da ya kamata ku sani. Kawuna a hayin iyaka yake, ya ɗan taɓa makarantar Faransa, kuma shi ya fara koya mini lambobi a ƙasa da tsinke. Su can in sun rubuta bakwai sai sun ja mata layi a kugu. Ya ce mini, "Bakwai ba ta fita ba ɗamara, in ba haka ba a ɗauke ta ɗaya." An doke ni a firamare a kan wannan ɗamarar, ban daina ba. Duk sashenmu ni kaɗai ke yin ta.

Ranar sanarwa na je taro, karo na uku ke nan a shekarar. Na zauna can baya. Dattijo ya ɗaga wani tulin takardu ya ce mutum ɗaya ne ya amsa kusan duka, ya yabi amsar mutum shida, har ya yi dariya ya ce yaron yana ɗaura wa bakwai ɗinsa ɗamara kamar Bafaranshe. Sannan ya kira sunan.

Ku da kuka tashi a zamanin nan ba za ku gane abin da ya zaunar da ni ba. Mu an rene mu a kan cewa in ana yabonka ba ka zabura, in babba na wurin ba ka riga shi miƙewa. Kara ake ce mata. Na sunkuyar da kai kamar amarya, ina jiran Yaya ya juyo ya nuna ni ya ce, "Ga shi can, ƙanena ne." Har na shirya irin murmushin da zan yi. Na ja numfashi ɗaya, na ja na biyu. A na uku sai na ji ƙarar kujera a gaba. Na ɗaga kai na ga Yaya a tsaye yana ɓalla maɓallin kwat, yana ɗan rusunawa hagu da dama. Ɗaki ya ɗauki tafi. Wanda ke kusa da ni ya zungure ni ya ce, "Ba ɗan garinku ba ne? Tafa mana!" Na tafa. Wallahi na tafa, da hannayen nan biyu da suka rubuta amsoshin.

Washegari da safe na je ɗakinsa. Na tarar da shi a kan tebur, ya duƙufa kamar mai shirin jarrabawa, abin da ban taɓa gani ba. Na leƙa. Shafi guda cike da bakwai, kowace da ɗamararta, sun jeru kamar 'yan dambe. Ya kife littafin.

Na ce, "Yaya, jiya fa ni aka kira."

Ya ce, "Haba takwara, zauna mana. Sunan wa aka kira?"

Na ce, "Nawa."

Ya ce, "To nawa kuma fa? Ka ga, ni da kai abu ɗaya ne. In na je, kamar kai ka je. Kai yanzu ka shigo, kana da sauran shekaru. Baɗi naka ne, ni da kaina zan kai ka wurin mutumin. Ai da na ga ba ka tashi ba, cewa na yi kara ka yi mini, har na ce yaron nan ɗan halak ne."

Kun ji fa. Ya sace, ya kuma yaba mini tarbiyya.

Na yi niyyar zuwa ofishin dattijon, sai maganar ta kai kunnen manyan ɗaliban yankinmu. Suka zaunar da ni a gindin wata bishiya bayan masallaci, mutum huɗu. Babbansu ya ce, "Yanzu kai sai ka kai ƙarar ɗan'uwanka wurin baƙo? A ce ɗan Babura ya tona wa ɗan Babura asiri a gaban kowa da kowa? In aka kore shi, me za ka ce wa ubansa in kun haɗu a Kazaure? Ka bar wa Allah." Na bar wa Allah. Ban san ko a cikin su huɗun akwai uku da suka san gaskiya ba, amma na tabbata akwai uku da suka ci kilishin da Yaya ya raba a makon.

Ya tafi, ya dawo da akwatin fata da wani sabon Turanci ta hanci. Baɗin da aka yi mini alkawari bai zo ba. Wa'adin dattijo ya cika ya koma ƙasarsu, akwatin katako ya zama wurin zuba ɓawon gyaɗa. Yaya ya gama, takardar horon nan ta buɗe masa hanya ya koma waje. Na ji da ya isa can ya tarar lissafinsu ma lissafi ne, sai ya sulale ya koma karatun mulki, inda aka fi bukatar kwat.

Ni kuwa zuciyata ta mutu. Na daina duban allon sanarwa, daga baya na daina duban littafin ma. Na faɗi jarrabawar aji biyu, babana ya rasu a damunar, na dawo gida ban koma ba. Ba zan ɗora masa faɗuwata duka ba. Rabi nasa ne, rabi nawa, na iya raba abu biyu. Na koyar da lissafi a firamare a Roni, aka mayar da ni Gwiwa, mai rabin digiri, wanda ko a wajen biyan albashi ba a san da shi ba.

Bayan shekara ashirin da wani abu, ɗaliban jami'a 'yan yankinmu suka shirya taron hutu a Kazaure, a zauren wata makaranta. Babban baƙo mai jawabi shi ne takwarana, yanzu Dakta, da tumbi da direba. Abin da zai yi magana a kai: yadda ɗalibin lissafi zai ci moriyar damar da ke cikin jami'a. Da na ji haka sai da na yi dariya har na ƙware. Na wanke babur ɗina na tafi.

Ya yi jawabi mai daɗi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ku shiga ƙungiya, ku halarci lacca, ku riƙa duban allon sanarwa, ku kusanci malamai. Ya ba su labarin wani akwatin katako da yadda ya hana idonsa barci a kansa. Yana faɗa yana rubuta shawarwarin a allo da lamba. Da ya zo ta bakwai, na ga hannunsa ya ja mata layi a kugu, ba tare da ko ya duba ba. Shekara ashirin yana sanye da ɗamarar kawuna.

Aka ce mai tambaya ya ɗaga hannu. Wannan karon ban jira numfashi ko ɗaya ba, na miƙe. Ya ƙura mini ido, ya cire tabarau ya mayar.

"A'a! Takwara! Kana nan da ranka?"

Na ce, "Ina nan, Yaya, inda ka bar ni. Tambayata ƙarama ce. Mutum shida sun taru. Ka nuna wa yaran nan dalilin da ya sa dole a samu uku da suka san juna, ko uku baƙin juna. Rabin allo ya isa."

Ya yi wata dariya ta manya ya ce ai shekaru sun ja, aikin ofis ya cinye kai. Ya dubi shugaban taro, shugaban taro ya dubi agogo. Ɗaliban kuwa 'yan lissafi ne, har wasu sun fara zane a bayan takardar shirin taro, suna jiran Dakta.

Na taka har gaban allon. Na juyo na ce musu duk abin da ya faɗa gaskiya ne, su riƙe shi. Su shiga taro ko da surutu ne, su bari a san fuskarsu tare da sunansu, don ni na raina taro, akwati ya san ni, malami bai san ni ba. Amma ya manta shawara ta takwas, wadda ita ce ta kai shi inda yake. Kara a bakin akushi ake yin ta, ka bar wa babba tsokar nama. In aikinka ne aka ɗaga aka kira sunanka, ka miƙe ko kakanka ne zaune a gaba.

Sannan na lashi babban yatsana, na goge layin da ke kugun bakwai ɗinsa, na dube shi ido cikin ido na ce, "Yaya, ka riƙe digirin, ka riƙe motar, har sunan ma na bar maka, dama malamin rajista ne ya ba ni. Amma wannan ɗamarar ta kawuna ce. Aronta ka yi, yau na karɓi abata."