Ranar da Yaya Quyen ta karɓi ƙirge

Yaya Quyen ba ta wuce aji huɗu ba, kuma ni ne dalili. Da babanmu ya rasu sai ta ajiye littafi ta ɗauki sandar kafaɗar innarmu, tukunyar romo a gaba, kwanuka da taliya a baya, tana zaga lungunan birnin Hue tun da sassafe. Da romon nan na yi karatu har na zama malamin lissafi, da lissafin kuma na shekara ashirin ina yi mata gyara. In ta ce, "Kamar mutum talatin suka ci yau," sai in gyara zama in ce, "Yaya, babu kamar a lissafi." Takan ce, "To, Malam," da irin muryar da ake yaba yaron da ya sa takalmin babansa.

Ba ta yi aure ba. Tun da matata ta rasu, 'yata Khue ta zama tata, ni kuma na koma mai sa hannu a takardun makaranta.

Bara Khue ta fara jan ƙafar hagu, idonta ɗaya ya yi dishi-dishi. Likita ya ce ciwo ne da jiki ke cinye rigar jijiyoyinsa da kansa. Yakan lafa ya dawo, kuma duk dawowar da zai yi sai ya tafi da wani abu. Ni da na saba ba da amsa, ranar ko tambaya ban iya ba.

Bayan Tet, bikin sabuwar shekara, na ji ana gwajin wani sabon magani a asibitin da muke kai ta, na yara masu wannan ciwon. Na tare ma'aikaciyar jinyar da ke ɗaukar suna a bakin ƙofa, tana sauri.

"Shekararta nawa, Malam?"

"Sha takwas."

"Ayya. Daga goma ne zuwa ƙasa da sha takwas. Ka yi haƙuri."

Na yi godiya har da rusunawa, na kama hanya. Ban gaya wa kowa ba, wai ni namiji, zan haɗiye abina. Mako biyar ina haɗiya, ƙafar yarinya kuwa ba ta tsaya jirana ba, har sai da ta kai ga riƙe sanda.

Ranar da maganar ta kuɓuce mini, Yaya na yanka lemun tsami. Ta ajiye wuƙar.

"Sha takwas ɗin wa?"

"Ta Khue mana. Ba ke kika faɗa ranar Tet ba, kina sa mata albarka?"

"Wannan ai ƙirgen gida ne, Lam. Asibiti ka je ko gidan mai duba?" Ta goge hannu a gefen riga. "Ina naɗe shinkafar biki a ganye aka zo kirana an haife ta, saura kwana tara Tet. An ba ta shekara ɗaya ta zaman ciki, Tet ta zo ta ƙara mata ɗaya tana cikin tsumma. Cire biyu, Malam. Ko in ara maka yatsu?"

Sha shida. Ɗan aji ɗaya ma ba zai tsaya tunani ba. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Washegari Yaya ba ta hura wuta ba, abin da ban taɓa gani ba a shekara talatin. Ta sa takardar haihuwar a leda ta cusa cikin riga, don ta ce hannuna ba abin yarda ba ne. Ma'aikaciyar jinyar ta duba ta ce shekaru sun yi. Amma akwai wani sharaɗi: sai yarinya ta yi tafiyar mita ɗari da ƙafarta, ba sanda, ba hutawa, ba mai riƙe ta.

Mako biyar da suka wuce da tana hira za ta yi wannan tafiyar. Ni na sani, Yaya ta sani, kuma ba ta ko dube ni ba. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Aka kai mu wani dogon baranda da aka ja wa layi. Yaya ta auna shi da ido.

"Daga bakin lungunmu zuwa gindin gada ne," in ji ta. "Taku ɗari biyu, ƙanana, irin na mai kaya a kafaɗa. Za ki iya, 'yata?"

"Goggo, ƙafar ba ta jin magana."

"Ubanki ma ba ya ji, kuma ga shi na kai shi inda za shi."

Khue ta yi dariya, ta miƙo mini sandar. Yaya ta ce, "Riƙe wannan, ka kuma riƙe bakinka. Yau ni ke ƙirge."

Ta shige gaba da ɗan takun nan nata na masu talla, kafaɗa ɗaya a karkace ko da ba kaya, tana ƙirgawa a fili. Khue na biye da ita tana jan ƙafa. Ni kuma ina baya rungume da sanda, ina bin ƙirgen a zuci, don hali zanen dutse ne. A ɗari da arba'in yarinyar ta yi tangaɗi, gumi na ɗiga daga haɓarta. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Yaya ba ta waiwaya ba. Ta ce, "Saura kamar goma."

Saura sittin ne. Da suka yi goman ta sake cewa, "Saura kamar goma."

A haka Khue ta kai ƙarshen layin da ƙafarta. Ba a ce mana an warke ba. Suna dai ya shiga takarda, Khue ta sa hannu da kanta. Sau shida Yaya Quyen ta ce kamar goma a barandan nan, ban gyara mata ko ɗaya ba.