Kek ɗin da Inna Ta Turara

Shekarun baya, tun ina gidanmu a Fagge ban yi aure ba, na taɓa yin kek ɗin da duk Kano babu wanda ya iya cinsa sai mahaifina. Masu yawan tambayata yadda na fara wannan sana'a, to yau ga amsarku.

Mu asalinmu 'yan Barno ne, kakanninmu ne suka zo Kano suka zauna. Yaren ma ya kusa ɓace mana, amma abu ɗaya bai taɓa barin gidanmu ba, shi ne turaren wuta. Mahaifiyata, da muke kira Inna, kafin ta ɗora ruwan shayi da safe sai ta zuba garwashi a kasko. Labule, zanin gado, kayan makarantarmu, babu wanda ya tsira. Ko tabarma muka aro a maƙwabta, ba za ta koma ba sai ta sha hayaƙi. A wurinta abin kunya ne wani abu ya fita daga gidanta ba ƙamshi.

Da na gama sakandare ina zaman jiran makaranta, zaman ya ishe ni, sai na ce zan koyi kek. Mahaifina yana sayar da atamfa a Kantin Kwari, kuma akwai wata Bayarabiya da ta daɗe tana sayen kaya a wurinsa. A Sabon Gari aka haife ta, Hausa a bakinta kamar me, kowa Alhaja yake ce mata. Ita ke yi wa rabin unguwarmu kek ɗin biki. Mahaifina ya yi mata magana, ta ce in zo.

A wurinta na koyi yadda ake buga bota da suga har su yi fari, da yadda ake fasa ƙwai a wani kwano daban kar ruɓaɓɓe ya ɓata maka kwaɓi. Sai dai ita tana da obin na gas, ni kuwa a gida tukunya gare ni da yashi. Za ka zuba yashin a gindin tukunya, ka ɗora a gawayi ya yi zafi, ka jera gwangwanaye a kai, ka rufe, ka zuba garwashi a saman murfin. Daga nan sai addu'a. Na farkon da na yi, ƙasa ya ƙone ƙurmus, sama kuwa ɗanye. Yayana ya ɗaga guda ya ce in ci gaba da ƙoƙari, dama ana neman bulo a gyara katangar banɗaki. Ban yi masa magana ba har washegari.

A hankali dai hannuna ya fara faɗawa. Ana nan sai aminiyar Inna, wata Hajiya ta layin bayanmu, ta aurar da 'yarta, aka zo maganar gara. Kun san yadda gara take, kayan da iyayen amarya ke kaiwa gidan miji bayan biki: su alkaki, dubulan, cincin, kek, ga buhunan abinci. Dangin ango za su zauna su buɗe, su rarraba gida-gida, kowa ya ɗanɗana ya faɗi albarkacin bakinsa. Abin da ya yi daɗi a manta, abin da bai yi ba kuwa har sunan ɗan fari ana maganarsa.

Ina wanke-wanke na ji Hajiyar tana cewa gobe za ta leƙa Sabon Gari ta ba Alhaja aikin kek.

Inna ta ce, "Ga 'yata a gida, me za ki je yi Sabon Gari?"

Hajiyar ta ce, "Ke ma kin san gara ce fa. Dangin yaron nan bakinsu ba ya shiru."

"Ni na tsaya mata. In an ga aibu, a zo a same ni."

Wallahi kwanon da ke hannuna sai da ya suɓuce. Daɗi ya kama ni, tsoro ya kama ni, ga kuma kunyar Alhaja, don aikinta ne aka ɗauke aka ba ni. Tun daga ranar na ɗauke ƙafa daga gidanta, ban san da wane ido zan kalle ta ba.

Ana gobe kai gara na wuni a gindin murhu. Hayaƙi ya cika min ido, yatsuna duk suka sha ƙuna, amma kek ya yi. Ya tashi, ya yi ja mai kyau, in ka danna sai ya dawo. Har yayana da ya saci guda bai ce komai ba, shi kuwa shirunsa yabo ne. Na jera su a manyan tire na kai ɗakin Inna su huce, don nan ne kawai ƙofa ke rufuwa da kyau, ba ɓera ba kiyashi.

Da safe na tafi kasuwar Sabon Gari sayo bokitai da ledar da zan ƙulla su. Na dawo da hantsi ina ta sauri. Tun daga bakin layi na jiyo ƙamshi, kuma ba na kullum ba, irin na amare ne, wanda Inna ke ɓoyewa a ƙasan akwati. Na shiga na tarar da ita zaune a tsakar gida tana murmushi. Ƙofar ɗakinta a rufe, har an cusa tsumma a ƙasan ƙofar kar hayaƙi ya fita.

Na ce, "Inna, me ke cikin ɗakin?"

"Na gyara miki su ne," in ji ta. "Na shiga na ji ƙarnin ƙwai da ƙaurin gawayi. Haba, kayan da za a kai gidan surukai a kai su haka? Mai sandal na sa musu, ban sa na kasuwa ba."

Na tura ƙofar, hayaƙi ya yo waje kamar an buɗe tukunyar dambu. Ga kek ɗina a jere, ga kasko a tsakiyarsu. Na ɗauki guda na gutsura. Jama'a, kun taɓa tauna laffaya? To haka na ji. Ɗaci-ɗaci, ƙamshi har cikin hanci, maƙogwarona ya ƙi karɓa. Na ɗauki wani daga can ƙarshen tire, shi ma haka. Babu wanda ya tsira.

Sai na miƙa wa Inna. Ta karɓa tana hararata, ta sa a baki. Ina kallon murmushin nan yana gushewa. Ta tauna, ta tauna, ta ƙi tofarwa, ta haɗiye da ƙyar. Sai ta ce, "Innalillahi," a hankali, ta nemi bakin gado ta zauna. Ni kuwa na durƙushe na fashe da kuka. Bayan la'asar za a kai gara, tukunyar yashina kuwa wuni guda take ci. Ba sana'ata kaɗai nake wa kuka ba. Ita ce ta bugi ƙirji a gaban aminiyarta, ita za a zo a samu.

Can sai na ji ta buɗe akwati. Ta yafa laffayarta, ta ɗauko kwalbar humra ta sa a jaka, ta naɗe kek guda a leda.

"Tashi ki wanke fuskarki, ki kai ni gidan malamarki."

Na ce, "Inna, aikinta fa muka karɓe."

"Ni na karɓe, ba ke ba. Ni zan je."

Muka tari adaidaita sahu. Mun sami Alhaja tana shanya gwangwanayenta a rana. Bayan gaisuwa, Inna ba ta yi wani kwana-kwana ba. Ta ce ita ta hana a kawo mata aikin garar nan, ta sa aka ba 'yarta, kuma ga abin da ta yi da hannunta. Ta miƙa mata ledar.

Alhaja ta gutsura ta sa a baki. Ta tsaya. Ta kalli Inna, ta kalle ni, sai ta fashe da dariya har tana dafa bango.

"Hajiya, wannan kek ne ko amarya? La ila! Ai bota 'yar gulma ce, duk abin da ta ji a ɗaki sai ta kwashe."

Inna ta sunkuyar da kai, ita ma dariyar na neman ƙwace mata. Alhaja ta raba ragowar gida biyu, ta duba cikinsa, ta danna da yatsa. Sannan ta juyo kaina.

"Ke kuma shi ya sa kika ɓuya? Da na koya miki, cewa na yi ki zauna kina kallona? Dubi yadda ya tashi, a yashi fa! Wuce ki kunna obin, lokaci na tafiya."

Inna ta yunƙura za ta bi mu kicin, Alhaja ta tare ƙofa da hannu.

"A'a, Hajiya. Da wannan laffayar? Sai dai mu sake yin wata amaryar."

Abin da idona ya gani ranar, har na mutu ba zan manta ba. Inna, wadda ko zaure ba ta leƙawa ba laffaya, ta shiga ɗakin Alhaja ta fito da buba da zani irin nasu, ta wanke hannunta da sabulu da lemon tsami har gwiwar hannu. Aka ba ta kujera 'yar tsugunno a tsakar gida, aka ajiye mata daro da muciya. Ta rungumi daron nan tana buga bota da suga, gumi na zuba, ba ta ɗaga kai ba. Duk fulawa da ƙwan da aka yi aiki da su daga ɗakin ajiyar Alhaja suka fito. Ni ina zubawa a gwangwani, Alhaja na sawa tana fitarwa, tana yi tana tsokanar Inna wai ta ga Yarabanci ya karɓe ta, ko za a bar mata kayan. Inna ta ce ta dai ji da wutarta kar ta ƙona mata gara.

Ana kiran la'asar muna zuba na ƙarshe a bokiti, da sauran ɗuminsa. Inna ta ajiye kwalbar humra a kan tebur, Alhaja ta ce ta karɓa, amma a kai mata can ƙuryar ɗaki nesa da kicin. Mun iso layin bayanmu ana loda buhuna a mota. Hajiyar ta buɗe bokiti, ta gutsuri guda, ta ce, "Kai, madalla! Ashe da gaskiyarki." Inna ta ce, "Ai na faɗa miki," ko kunya babu, tana gyara laffaya. Ba a yi sati ba wata gwaggon angon ta aiko wai wa ya yi kek ɗin nan, tana da bikin suna. Daga nan ƙofa ta buɗe.

Wanda aka turara kuwa, mahaifina ya ce ba a zubar da abinci a gidansa. Kullum da safe sai ya tsoma a shayi ya ci, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Wata rana ya dawo daga kasuwa ya ce maƙwabcin rumfarsa ya tambaye shi wane turare ya koma sawa, shi kuwa gyatsa kawai ya yi.

Amma abin da ya sa na ba ku labarin nan shi ne abin da ya biyo baya. Ranar da zan yi aikin sunan, na fito da tukunya da yashi, daidai lokacin Inna ta zuba garwashi a kaskonta. Ta kalle ni, ta kalli kaskon. Sai ta zo ta juye garwashin a murhuna, ta ce, "Yau gidan naki ne." Ni ban roƙe ta ba, ban ma san ta ina zan fara ba. Tun daga ranar, duk ranar da zan yi kek, Inna ba ta kunna turare. Za ta wuni tana mita, wai gida ya koma kamar ba mata a ciki, tana kai-kawo kamar wadda ta yar da wani abu. Amma ba ta taɓa karya dokar ba. Bokitin ƙarshe na fita zaure, za ka ji ta ce, "Alhamdulillahi, a ba ni wuta." Har maƙwabta suka gane. In mace ta wuce ƙofarmu ba ta ji ƙamshi ba, sai ta leƙo ta ce, "Yau kek ake yi ke nan? A ajiye min gutsure."

Yanzu ina da obin, ina da injin buga bota, ina yin masu hawa-hawa da kuke gani ina sawa a nan. Alhaja ta tsufa ta bar wa 'ya'yanta aikin, amma duk Sallah sai na kai mata. Inna kuwa Allah ya yi mata rasuwa. Bayan an share makoki, baƙi sun watse, wata safiya na je gaida mahaifina. Ina sa ƙafa a zaure ban ji ƙamshi ba, sai zuciyata ta ce, au, yau kek ake yi. Har na buɗe baki zan tambayi na waye. Sannan na tuna. Na daɗe tsaye a zauren nan kafin na iya shiga.

Mutane kan tambaye ni da me na fara, su suna nufin kayan aiki. Nakan ce tukunya da yashi, don shi ne amsar da suke so. Gaskiyar ita ce da Inna na fara, macen da ta haƙura da abin da ta fi so a duniya don kawai kek ɗina ya fita lafiya.

Kaskonta yana wurina. Duk ranar aiki ina ajiye shi can nesa da kicin. Da an ɗauki kek na ƙarshe an fita da shi, sai in wanke hannuna in ce wa 'ya'yana a ba ni wuta. Allah ya jiƙan Inna, ya sa kabarinta ya fi ɗakinta ƙamshi.